Yaren da Ya Rage wa Iya

Kwanakin baya na kai ɗinki wurin tela a bayan kasuwa. Ina zaune a kan benci ina jiran ya gama kafa min hannun riga, sai rediyon da ya rataye a ƙusa ya saki wani ɗan gajeren kiɗan ganga, irin wanda ake buɗe shiri da shi. Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Kafin mai gabatarwa ya gama sallama, telan ya miƙa hannu ya murɗa zuwa inda ake hirar ƙwallo. Na karɓi rigata na fito. Amma tun daga nan har gida kakata nake gani, zaune a kan tabarma a gindin mangwaro, ta karkata kunne.

Kakata ce ta wajen uba. Iya muke ce mata, Baba ma haka yake kiranta. 'Yar Gwandara ce daga Kwandere, kuma ba ta dawo Lafia da zama ba sai bayan rasuwar kakanmu, lokacin da Baba ya samu aiki a injin shinkafa ya ɗauko ta. Idan ka san unguwannin da ke kusa da injinan nan, ka san ƙamshin shinkafar da ake turarawa, mai ɗan tsami-tsami, wanda yake kama tufafi har ka daina jin sa. A cikin wannan ƙamshin na tashi, a gida mai ɗakuna kaɗan da rijiya ɗaya da mangwaron da ya fi ƙarfin tsakar gidan.

Da ƙuruciyarta Iya fataucin gishiri ta yi. Takan je Awe ta saro, ta bi kasuwannin ƙauye tana sayarwa, wani wurin kuma ta yi musaya da doya ko agushi. A wannan yawon ta kwaso harsuna. Ta ji Alago a hanyar gishiri, ta ji Tibi a gonakin doya, ta ji Eggon wurin matan da suke saukowa daga dutse ranar kasuwa. Hausa kuwa a kasuwa ta same ta, kuma har ta tsufa ba ta damu da bambanta "shi" da "ita" ba. Takan ce min, "Kira min Innarki, ce masa ya zo." Mu yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Tana da ƙaramin rediyo baƙi wanda mariƙinsa ya karye ta ɗaure shi da tsumma. A lokacin gidan rediyo ya ware wa kowane yare ɗan lokacinsa da yamma, bayan la'asar, yau wannan gobe wancan. Iya ba ta lissafin kwana da sunan ranaku. Sai dai ka ji ta ce, "Yau ta Alago ce, ba zan je unguwa ba." Da rana ta jera batir a kan murfin langa ta shanya a rana don ya ƙara ƙarfi. Da yamma ta kunna, mai gabatarwa ya yi gaisuwa, ita kuma ta amsa masa da babbar murya kamar yana tsaye a ƙofar gida. Idan ya yi sanarwar rasuwa ta yi salati, idan ya ba da shawarar taki ta ce ƙarya yake, bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ranar Gwandara daban take. Tun azahar za ta yi wanka ta sake zane, ta shafa man kaɗanya, kuma ranar ba mai aikenta ba mai jan ta da hira. Idan ruwan sama ya sauko a kan kwano ya hana ji, sai ta manna rediyon a kunnenta ta rufe ido. Nakan zauna kusa da ita. Yaren a kunnena kamar Hausa ce ake yi a bayan katanga: in kama kalma ɗaya, biyu su wuce ni, in sake kama wata. Iya da yaren take mana magana, mu kuma mu amsa da Hausa. Innarmu 'yar cikin gari ce, Hausa kaɗai take ji. Baba yana fita tun safe. A makaranta Turanci ake so, a layi Hausa da buroka, wato Turancin kasuwa. Ba wanda ya hana mu yaren, ba kuma wanda ya zaunar da mu a kansa. Muna ganin tunda Iya tana nan, yaren ma yana nan.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka yi wata damina da hankula suka tashi a wasu ƙauyuka na kudu da mu. Mu yara ba a gaya mana dalili ba. Abin da muka gani shi ne motoci suna shigowa gari da mutane a saman kaya, da tabarmi da tukwane da awaki, manya kuma suna rage murya idan mun shigo. A irin wannan ranar Iya ta je kasuwa sayen daddawa, ta dawo riƙe da hannun wata tsohuwa.

Daga baya ta ba mu labarin yadda aka yi. Ta tarar da ita a bakin tasha, zaune a ƙasa kusa da mai rake, mutane sun kewaye ta. Wannan ya tambaye ta da Hausa, wancan da Turanci, ita kuwa sai kallo. Wasu suka ce kurma ce, wasu suka ce taɓaɓɓiya. Iya ta dubi zanen da ke jikinta, mai layi baƙi da fari, ta durƙusa ta gaishe ta da Tibi. Tsohuwar ta cafke wuyan hannunta, ba ta sake saki ba. Ashe wajen hawa mota aka raba ta da ɗanta. Shi ya ɗora ta a wata, ya koma ɗauko yara, motar ta tashi. Ba ta san inda aka kawo ta ba, ba ta san inda shi ya nufa ba.

Da Baba ya dawo ya ga baƙuwa a ɗakin Iya, ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya kira mahaifiyarsa gefe, amma gidan bai da girman da za a ɓoye magana.

"Iya, kin san halin da ake ciki a gari. Idan wani abu ya same ta a gidan nan, me zan ce wa mutane?"

"Ka ce baƙuwar uwarka ce," in ji Iya. "Na ci doyarsu tun ba a haife ka ba. Na kwana a ɗakunansu da kayan gishiri a kaina, ba wanda ya tambaye ni me nake bautawa."

Baba ya juya ya shige ɗakinsa. Washegari da ya dawo daga aiki ya shigo da sabuwar tabarma a hammata, ya jingine ta a ƙofar ɗakin ya wuce.

Maƙwabta sun yi magana. Akwai wadda ta daina aiko yaranta ɗiban ruwa a rijiyarmu. Akwai dattijon da ya tare Baba a hanyar masallaci ya ba shi shawarar ya kai ta wurin hukuma ya huta. Baba ya ce ya ji, ya gode, bai kuma kai ta ko'ina ba. A cikin gida kuwa mun rasa yadda za mu kira ta, sai muka bar shi a Mama. Kwanakin farko ba ta cin komai. Inna ta yi tuwo, ta yi shinkafa, duk ta ture. Sai da Iya ta sa aka kirɓa sakwara, ta yi miyar agushi da hannunta, sannan Mama ta ci loma kaɗan. Kafin ta ci takan taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu. Iya kuma idan lokacin salla ya yi ta shimfiɗa dardumarta a gefenta. Da hantsi su zauna suna ɓarar agushi, suna hira da yaren da ba mai ji a gidan sai su biyu, wani lokaci har Mama ta yi ɗan murmushi.

Ban manta da yammar da aka fara sa shirin Tibi tana gidan ba. Iya ba ta gaya mata ba, kunnawa kawai ta yi. Da muryar ta fito, Mama ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta matso da gwiwa, ta dafa rediyon da tafin hannu biyu. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai suke bin tsagar fuskarta. A ƙarshen shirin akan karanta cigiya, kuma a wannan daminar cigiyar ta fi shirin tsawo: wane yana neman matarsa, wance tana neman 'ya'yanta. Su biyun suka kasa kunne har aka rufe. Ba a ambaci Mama ba. Mako ya zagayo, ba a ambace ta ba. Wani ya sake zagayowa, haka.

Sai Iya ta ce tunda ba a neme su ba, su za su nema. Ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta ba Mama aron takalmi, ta ce in biyo su don in karanta musu abin da aka rubuta a ƙofofi. Muka shiga tasi zuwa gidan rediyo. Mai gadi ya so ya mayar da mu, Iya ta ji harshensa ta juya masa da Eggon, ya yi dariya ya buɗe mana. Mai shirin Tibi da muka samu siririn saurayi ne, jikinsa bai kai muryarsa ba. Ya tsuguna har ƙasa ya gaishe da Mama. Da Iya ta fara yi masa bayani ya tsaya yana kallon ta, sannan ya ce da ni da Hausa, "Kakarki Tibin da take yi na mutanen da ne. Tun rasuwar kakata ban ji wasu kalmomin ba."

Ya ce ba zai karanta cigiyar da bakinsa ba, gara ita ta faɗa da muryarta. Ya shigar da su wani ɗaki mai sanyi, ni ina leƙe ta gilashi. Mama ta ƙi zama a kujera sai da Iya ta tsaya a bayanta ta dafa kafaɗarta. Ta faɗi sunanta da na ƙauyensu, sannan ta kira ɗanta da sunan da take kiransa yana ƙarami, ta ce tana nan da rai, tana Lafia, a hannun mutanen kirki, kusa da injin shinkafa.

An sa muryar a shirin da ya biyo baya, an sake sawa a na gaba. Shiru. Dawa ta yi tsawo a bayan gari, mangwaro ya ƙare, ruwa ya cika kwatoci. Mama ta fara zama a zaure da yamma tana kallon hanya. Baba da kansa ya riƙa sayo batir ba tare da an tambaye shi ba. Na ji Inna tana ce masa a hankali, idan fa ɗan ba ya raye? Ya ce to sai ta zauna, ai ɗakin bai cika ba.

Sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa ranar da wani mutum ya yi sallama da hantsi. Dogo ne, ramamme, wandonsa duk jar ƙasa. Ni na fita. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Sannu da gida," ya ce. "An ce mamana yana nan. Shi ne ya yi magana a rediyo."

Shi bai ji shirin ba, ba shi da rediyo a inda ya samu mafaka, can ƙetaren kogi. Wata mata ce ta ji, ta faɗa wa wata a coci, waccan ta faɗa wa mai sayar da kifi, har maganar ta iske shi. Kafin nan an riga an ce masa an ga gawarta a hanya, har an yi mata addu'a. Na shigo da shi. Mama tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta faɗi wata magana a tsawace. Mutumin ya zube a gabanta ya kifa kai a cinyarta. Muka tambayi Iya me ta ce. Iya tana share ido da bakin mayafi tana dariya ta ce, "Faɗa yake masa. Wai me ya sa ya rame haka."

Bayan tafiyarsu na ce wa Iya ina so ta koya min, duka, har Tibin. Ta ce a fara da na gida tukuna. Mun fara kuwa. Ta koya min gaisuwar safe da ta yamma, da sunan kayan kicin, da wata waƙar niƙa da na riƙe rabinta. Sai sakamakon jarrabawa ya fito, aka kai ni makarantar kwana. Idan na zo hutu ta ce, "Zo mu ci gaba," in ce bari in gama wanki, ko ƙawaye su zo, ko ita ta tafi Kwandere gaisuwar mutuwa. Kullum muna cewa sai hutu mai zuwa. Ba ƙi na yi ba, ita ma ba ta matsa ba. Mu biyun mun ɗauka akwai lokaci.

A shekarun nan shirye-shiryen ma suka fara ƙanƙancewa. Talla ta ci gabansu ta ci bayansu. Aka mayar da na Gwandara tsakar rana, aka sake mayar da shi wata ranar, har Iya ta rikice da lissafinta. Mai gabatarwar da ta saba da shi ya daina zuwa, ba mu san dalili ba. Takan kunna ta ji wata murya ta ce, "Ina mutumina?" Duk da haka ba ta fasa wankanta da sake zane ba.

Ina goyon 'yata ta fari ciwo ya samu Iya. Ta faɗi a bakin rijiya da safe, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da ta farfaɗo a asibiti ta buɗe baki, sai Gwandara. Inna ta yi mata sannu da Hausa, ta bi ta da kallo kamar ba ta taɓa jin kalmar ba. Likita ya ce hakan yana faruwa, wani lokaci ciwon yakan share abin da mutum ya koya daga baya ya bar masa na farko. Hausar ta tafi, Alagon da Tibin da Eggon ɗin duk sun tafi. Abin da uwarta ta yi mata magana da shi a goye, shi kaɗai ya rage.

Baba yana ji, amma bakinsa ya yi nauyi da yaren, sai ya fara ya maƙale ya ƙarasa da Hausa. Kuma dole ya fita aiki. Ni da Inna muke jinyarta. Ta yi magana, mu dubi juna. Mu kawo ruwa, ta kau da kai. Mu kawo kunu, ta rufe ido. Mu gyara matashi, ta yi ajiyar zuciya. Gaisuwar da ta koya min nakan yi mata da safe, ta amsa da murna, ta ɗora da magana mai tsawo tana zaton zan bi ta, ni kuwa a nan nawa ya ƙare. Na ga yadda murnar take sauka daga fuskarta a hankali.

Ranar shirin Gwandara nakan ajiye rediyon kusa da kunnenta na hagu. Na ɗan lokacin nan Iya takan dawo. Ta amsa gaisuwa sarai, ta yi tsaki inda ya kamata, har ta taɓa yin dariya. Wani mako aka ɗage shirin saboda ana watsa wani taro kai tsaye. Ta yi ta kallon rediyon har aka kira magariba, sannan ta dube ni ta yi tambaya. Wannan kam na gane ta ba sai an fassara min ba, amma ba ni da kalmomin da zan ba ta amsa.

Da jikin ya yi tsanani Baba ya tafi Kwandere ɗauko ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Bayan azahar ne, Inna tana kicin. Iya ta kama yatsuna da hannunta mai lafiya, ta faɗi wata magana gajeriya. Ba cikin wahala ta faɗa ba, a natse take, idonta a kaina. Ta maimaita. Ta sake maimaitawa a hankali, tana rarraba ta, yadda ake yi wa yaro. Na ce, "To, Iya." Ta san ban ji ba. Ta yi murmushi da rabin bakin da yake motsi, ta saki hannuna. Kafin su Baba su iso ta cika.

Bayan an share makoki na samu ƙanwar tata ita kaɗai, na faɗa mata maganar yadda kunnena ya ɗauka. Ta ce in sake. Na sake. Ta runtse ido tana motsa leɓe tana gwadawa.

"Kamar akwai kalmar gida a ciki," ta ce, "ko kuwa ruwa. Amma 'yar nan, yadda kike faɗin ta ba ta zama magana ba. Bakinta ya karkace, ke kuma kunnenki na Hausa ne."

Yanzu 'ya'yana uku. Suna jin Hausa da Turanci, buroka kuwa sun fi ni. Da aka ce a makarantarsu kowa ya zo ya yi gaisuwa da yarensu, babbar ta tambaye ni mu wane ne namu. Na koya mata gaisuwar safe, ta je ta yi, aka tafa mata, washegari ta manta. Bara da na je Kwandere na tsaya a bakin famfo ina sauraron yara suna wasa, da Hausa suke yi, sai tsofaffin da ke gindin bishiya ne suke yaren a tsakaninsu. Na ga wasu samari suna ɗora hira da Gwandara a waya, nakan saurara ina wanke-wanke, ina tsintar abin da zan iya.

Ƙanwar Iya tana nan da rai, idonta ya tafi amma kanta garau. Idan na samu sarari nakan hau mota in je in zauna da ita, ta faɗa in maimaita, ta yi ta dariyar harshena. Duk sabuwar kalmar da na koya sai na gwada ta da maganar nan a zuciyata, ko za ta shiga. Har yau ba wadda ta shiga. Abin da ya fi damuna shi ne na maimaita ta da yawa a shekarun nan, har ban tabbata ba ko abin da nake faɗa yanzu shi ne abin da Iya ta faɗa. Kuma ba wanda ya ji ta sai ni.